Bayan Lonesome Dove: Streets of Laredo Za Ka Ɗauka ko Comanche Moon?

Duk wanda ya karanta Lonesome Dove, littafin labari na Larry McMurtry, har ƙarshe ya san irin kewar da ke kama mutum idan ya rufe shafin ƙarshe. Ka shafe makonni tare da waɗansu tsofaffin mayaƙa biyu, Gus McCrae da Kyaftin Woodrow Call, da yaransu, kuna kora garken shanu daga bakin kogin Rio Grande a kudancin Teksas zuwa Montana da ke can arewacin Amurka, sai ga shi tafiya ta ƙare alhali ba ka shirya rabuwa da su ba. Wannan kewar ce ta sa na sayi Streets of Laredo ba tare da na yi shawara da kowa ba, domin na ga an rubuta a bangonsa cewa shi ne ci-gaban labarin. Ban yi nisa da karatu ba jikina ya yi sanyi. Newt, yaron da na bi tun yana ɗan aike a bakin turken dawaki har ya zama mai riƙe da gonar kiwo a Montana, ashe ya riga ya mutu tun kafin littafin ya soma, kuma marubucin ya ba da labarin mutuwarsa a cikin 'yan layuka kaɗan kamar sanarwar rasuwa a rediyo. Goɗiyar da Kyaftin Call ya ba shi a maimakon sunansa na uba, wanda ya kasa ba shi, ita ce ta faɗa kansa ta kashe shi. Na sa yatsa a tsakanin shafukan na rufe littafin, na daɗe a zaune ban sake buɗewa ba a daren nan.

Ban jefar da shi ba. Na ci gaba har ƙarshe da zuciya a dagule, kuma da na gama sai na ji kamar an yi mini ƙwace. Bayan wasu shekaru na karanta sauran littattafai biyu na jerin, na kuma sake komawa kan wannan bayan raina ya huce, kuma abin da na gani a karatu na biyu shi ya sa nake ganin ya dace a yi wannan kwatanci domin wanda ya gama littafin farko yana shawarar wanda zai saya. Littattafan da Turanci suke, masu kauri ne, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma kowane ɗaya yana cin makonnin mutum, saboda haka zaɓin yana da nauyi ga ma'aikaci ko ɗalibin da lokacinsa ƙididdigagge ne. Sai dai ba yadda za a kwatanta su da gaskiya ba tare da an tona manyan abubuwan da ke cikinsu ba, don haka wanda bai karanta Lonesome Dove ba tukuna gara ya dakata a nan ya je ya karanta shi.

Larry McMurtry, wanda aka haifa a 1936 ya rasu a 2021, ɗan gidan makiyaya ne daga yankin Archer City a arewacin Teksas, kuma ya taso yana jin labarin kora shanu daga bakin dattawan gidansu. Ya fitar da Lonesome Dove a 1985, littafin ya ci kyautar Pulitzer a 1986, sannan a 1989 aka mai da shi fim mai dogon zango a talabijin, abin da ya kai sunan Gus McCrae da Woodrow Call gidajen da ba a taɓa buɗe littafin ba. Streets of Laredo ya biyo baya a 1993, kuma shi ne ƙarshen labarin baki ɗaya. Daga nan marubucin ya juya baya. Dead Man's Walk na 1995 ya koma samartakar mutanen biyu a farkon shekarun 1840, Comanche Moon na 1997 kuma ya cike tsakiya, daga shekarun 1850 zuwa gab da lokacin da suka ajiye aikin dakarun sintiri na Teksas. Tsarin fitowar littattafan daban, tsarin faruwar labarin daban, kuma wannan na daga cikin abin da ke rikita masu saye.

Kafin a ce Streets of Laredo ya cika zubar da jini, ya kamata a tuna cewa littafin farko ma ba mai taushi ba ne. A cikinsa ne macizan ruwa masu dafi suka kashe Sean, yaron nan ɗan Ailan, wajen ƙetare kogin Nueces. A cikinsa ne ɗan fashi Blue Duck ya sace wata mata mai suna Lorena ya miƙa ta ga mutanen da suka yi mata abin da ba ya faɗuwa, ya kuma kashe mutum uku a dare ɗaya, biyu daga cikinsu yara. Amma duba yadda kowace mutuwa take zuwa. Da Sean ya mutu an tsaya an haƙa kabari, ɗan'uwansa ya yi ƙoƙarin rera masa waƙa, kuma tsoron ruwa ya bi yaran har ƙarshen tafiya. Da aka soke Deets, mai duba musu hanya, da mashi, Call, mutumin da ba ya yabon kowa, ya zauna da wuƙa ya sassaƙa a jikin katako cewa mutumin ya yi shekara talatin tare da shi bai taɓa gudun aiki ba, kalaman da McMurtry ya aro daga abin da makiyayi Charles Goodnight ya sa aka rubuta a kabarin yaronsa Bose Ikard. Da suka rataye abokinsu Jake Spoon saboda ya bi ɓarayi masu kisa, mai karatu yana jin nauyin igiyar a hannun kowane ɗayansu. Sannan a tsakanin waɗannan duka akwai Gus, mai surutun da ba ya ƙarewa, wanda ke tashi da asuba ya gasa burodi a tukunyar ƙarfe, wanda ya rubuta wa kamfaninsu allo da jimlar Latin da shi kansa bai san ma'anarta ba. Jinin yana da yawa, amma ana zubar da shi a cikin jama'ar da ta san juna, mai yin zaman makoki, mai komawa dariya bayan kwana biyu.

Wannan jama'ar ce babu ita a Streets of Laredo. Gus ya mutu a ƙarshen littafin farko, gonar Montana ta rushe, yaran sun watse. An shiga shekarun 1890, zamanin da kora shanu zuwa arewa ya riga ya wuce, domin waya mai ƙaya ta yanka filayen kiwo, layin dogo ya ratsa yammacin Teksas tun 1883, kuma ƙabilar Comanche ta miƙa wuya tun 1875. Call ya tsufa, gaɓoɓinsa suna ciwo, idonsa ya fara rauni, kuma yanzu farautar masu laifi yake yi a biya shi. Wani mai kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauke shi ya kamo Joey Garza, matashi ɗan Meziko da ke fashin jirage, wanda yake da bindiga ƙirar Jamus mai madubin hangen nesa, yana kashe mutum daga inda ba a ko hango shi. A maimakon Gus, abokin tafiyar Call shi ne Brookshire, wani akanta daga New York da aka turo ya riƙa lissafin kuɗin da ake kashewa, mutumin kirki wanda iska ke ɗauke masa hula kuma bai san komai game da daji ba.

Kisan da Joey ke yi ba shi da zafin rai, ba shi da dalili, ba shi ma da gaba da gaba irin ta fim ɗin kaboyi da muka saba gani. Yana kallo daga nesa, ya zaɓa, ya harba. An gaya mana cewa ɗaya daga cikin mazan da uwarsa ta aura ya sayar da shi ga ƙabilar Apache yana yaro, kuma ya dawo da zuciyar da ba ta ƙaunar kowa, musamman uwar tasa. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe littafi. Amma McMurtry ya ƙara mugu na biyu, Mox Mox, wanda sana'arsa ƙona mutane da ransu, kuma yara ya fi so. A nan ne na fi jin an ci amanata, domin marubucin ya sa Lorena ta tuna cewa lokacin da take hannun Blue Duck wannan mutumin ya so ƙona ta, da bai samu ba sai ya ƙona wani yaro a gabanta. Babu wannan a Lonesome Dove. An koma baya ne an ƙara duhu a kan abin da mai karatu ya riga ya sha wuyarsa ya haƙura. Akwai kuma labarin Doobie, matar wani ɗan sanda da ya bi Call ya bar ta a Laredo, wadda shugaban mijinta ya yi wa fyaɗe, ta sha maganin ɓera ta mutu. Ba ta da wata alaƙa da farautar Joey, ba kuma wanda ya tsaya a kan kabarinta yadda aka tsaya wa Sean. An shigo da ita, an wulaƙanta ta, an wuce.

Akwai dalilin da ya sa littafin ya fito haka, kuma saninsa yana rage wa mutum haushi ko da bai rage masa ciwon karatun ba. A ƙarshen 1991 an yi wa McMurtry babbar tiyatar zuciya, bayanta kuma ya faɗa cikin ciwon damuwa mai tsanani, har ya ce ya daina jin cewa shi ne mutumin da yake a da. A wannan hali ya rubuta Streets of Laredo, yana zaune a gidan abokiyar aikinsa Diana Ossana a Tucson ta jihar Arizona. Bayan haka kuma ya sha faɗa cewa niyyarsa a Lonesome Dove ita ce ya tuɓe wa zamanin kaboyi rigar jarumtar da aka sa masa, amma masu karatu suka karɓi littafin a matsayin sabon kirari ga wannan zamani. Idan aka haɗa waɗannan biyu za a fahimci abin da ya sa ya kashe Newt a layi biyu, ya kuma bar Call ya sha kashi a hannun yaron da bai kai shekara ashirin ba. Mutum ne da ke rushe ginin da jama'a suka ƙi fahimtar abin da ya gina shi dominsa.

A karatu na biyu ne na ga abin da ɓacin rai ya rufe mini ido ban gani ba. Littafin nan na mata ne. Lorena, wadda muka sani karuwa ce mai shiru wadda maza ke ɗauka suna ajiyewa, yanzu malamar makaranta ce, matar Pea Eye, tsohon yaron Call, uwar 'ya'ya biyar, kuma da ta ji Mox Mox yana raye sai ta tura yaranta Nebraska wurin Clara, tsohuwar masoyiyar Gus, ta fita neman mijinta, wanda ya bi bayan Call, a cikin hunturu. Ita ce ta tarar da Call bayan Joey ya harbe shi, ita ce kuma ta yanke masa ƙafa da wuƙa a daji, aikin da Gus ya gwammace mutuwa a kan a yi wa ƙafarsa ta biyu. Ga kuma Maria, uwar Joey, ungozoma a ƙauyen Ojinaga a bakin iyaka, wadda take da 'ya makauniya mai suna Teresa da ɗa mai rauni a hankali mai suna Rafael, wadda ta san ɗanta mugu ne amma ta bi hamada a cikin sanyi domin ta gargaɗe shi. Call ne ya rataye mahaifinta shekaru da suka wuce, kuma gidanta aka kawo shi a raunane, ita ce ta yi jinyarsa. A cikin littattafan huɗu ban ga mace da aka zana da zurfi irin na Maria ba, har da Clara. Kashi na ƙarshe na littafin, inda tsohon kyaftin da ya rasa ƙafa da hannu yake zaune yana sauraron yarinya makauniya, wadda ita kaɗai ce ya iya nuna wa abin da ya hana ɗansa, yana daga cikin mafi kyawun abin da McMurtry ya rubuta. Matsalar ita ce sai mutum ya ratsa ɗaruruwan shafuka na wuta da jini kafin ya kai can.

Comanche Moon kuwa abin da ya fara ba ka shi ne abin da kake kewa. Gus yana nan da ransa, da surutunsa da giyarsa da gardamarsa da Call. Deets da Pea Eye da Jake Spoon suna nan da ƙuruciyarsu. Abubuwan da littafin farko ya ambata a taƙaice a nan ake ganinsu ido da ido: yadda Clara ta gaji da jiran mutumin da kullum yana kan doki ta auri Bob Allen mai sayar da dawaki ta tafi Nebraska, yadda Maggie ta haifi Newt, ta yi ta jiran ranar da Call zai kira yaron ɗansa, har tarin fuka ya kashe ta ranar ba ta zo ba. Wanda mutuwar Newt ta yi wa ciwo zai samu a nan shafuka masu yawa na yaron yana ƙarami, yana bin dakarun sintiri da ido, kowa a garin Austin ya san ubansa ban da uban da ya ƙi sani. Babu abin da ya fi wannan taɓa ni a littafin.

Kada kowa ya ɗauka cewa jini ya ragu. Idan ma auna azaba ake yi filla-filla, Comanche Moon ya fi. Akwai Ahumado, wani tsohon ɗan fashi a duwatsun Meziko, wanda yake da mai feɗe masa mutane da ransu, kuma da ya kama Kyaftin Inish Scull, shugaban su Gus, wanda ya bi sawun dokinsa da aka sace har can, sai ya rataye shi a keji a gefen dutse, daga baya ya sa aka yanke masa fatar ido domin rana ta haukata shi. Akwai kuma babban harin da Buffalo Hump, sarkin yaƙin Comanche, ya kai har cikin Austin, inda aka kashe iyayen Clara, aka kuma yi wa matar Long Bill Coleman, abokin aikin su Gus, fyaɗe, abin da ya sa mijin ya rataye kansa. Duk wanda ya gudu daga Streets of Laredo zuwa nan da zaton zai huta da ganin ta'asa, zai sake jin haushi.

To, idan haka ne, me ya sa nake ganin mafi yawan masu karatu za su fi iya ɗaukar Comanche Moon? Dalili na farko shi ne inda aka ajiye azabar. Babobin Ahumado da Scull suna tafiya ne a gefe, kamar rafi dabam da babban kogi, kuma mai karatun da zuciyarsa ba za ta ɗauka ba yana iya tsallake mafi muninsu bai rasa zaren labarin Gus da Call da Maggie ba. A Streets of Laredo ba a iya yin haka, domin Joey da Mox Mox su ne ƙashin bayan littafin, kuma abin da ke motsa Lorena da Maria gaba ɗaya tsoronsu ne. Idan ka cire su babu abin da ya rage. Dalili na biyu shi ne kwanciyar hankalin da sanin gaba ke bayarwa. Tun da ka karanta Lonesome Dove ka san Gus da Call da Deets da Pea Eye za su fita daga kowane haɗari da ransu, saboda haka kana karatu ba tare da fargabar za a ƙwace maka wanda kake so ba. A ɗaya littafin ba wanda yake da wannan tabbaci: Brookshire ya mutu, Maria ta mutu ta sanadin ɗan da ta haifa, har Clara da ke can Nebraska doki ya kashe ta a shafukan ƙarshe. Dalili na uku shi ne wanda na ambata tun farko, wato akwai masu yin makoki. Lokacin da Long Bill ya rataye kansa, abokansa ne suka sauko da shi, kuma abin ya zauna a zukatansu.

Comanche Moon yana da wani abin da babu a sauran, wato ana shiga cikin ran mutanen Comanche ana ganin duniya da idonsu. Buffalo Hump ba dodo ba ne a nan, dattijo ne da ke kallon bauna tana ƙarewa, cuta tana cin jama'arsa, Turawa suna ƙaruwa kamar fara, ga kuma ɗansa Blue Duck da ya kora yana jiran ranar da zai kashe shi. Kicking Wolf ɓarawon dawaki ne da yake son doki so na gaskiya, Famous Shoes kuma, mai bin sawu ɗan ƙabilar Kickapoo wanda ya fi son tafiya a ƙasa, yana cikin littattafan biyu amma a nan ya fi samun fili. Mutuwar Buffalo Hump ita kaɗai ta cancanci karanta kashi na ƙarshe.

Inda Comanche Moon ya gaza shi ne wajen gini. Ya haura shafi 700 a yawancin bugu, yayin da Streets of Laredo bai cika 600 ba, kuma ana jin tsawon. Labarin yana tsallake shekaru, yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 yana wucewa kamar a gefen hanya, kuma ƙarshensa ba ƙarshe ba ne, isowa ce kawai bakin ƙofar littafin da ka riga ka karanta. Streets of Laredo ya fi shi tsari da manufa: farauta ɗaya ce, tana tafiya kai tsaye zuwa Ojinaga, kuma marubucin ya san abin da yake son faɗa ko da abin ba ya da daɗin ji. Idan tambayar ita ce wanne ya fi zama cikakken aikin adabi, zan ce Streets of Laredo ba tare da na yi jinkiri ba. Idan tambayar ita ce wanne zai ba ka abin da ya sa ka ƙaunaci littafin farko, amsar Comanche Moon ce.

Dead Man's Walk ba zan daɗe a kansa ba, domin shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi rauni. An gina shi a kan yunƙurin da Jamhuriyar Teksas ta yi a 1841 na kama Santa Fe, wanda ya ƙare da kame mutanen aka kora su a ƙasa cikin hamada, an kuma haɗa masa ƙuri'ar baƙin wake, wadda a tarihi ta faru ne a 1843 ga wata tawaga dabam, inda aka harbe mutum 17 da suka ciro baƙin wake daga cikin fursunoni 176. Gus da Call a nan samari ne da ba su gama zama kansu ba, ana yi wa Call bulala ɗari, yunwa da sanyi suna cin tawagar ɗaya bayan ɗaya. Abin da kawai zan roƙa shi ne kada wanda bai san jerin ba ya fara da shi don ganin shi ne farkon labari, domin yana iya gajiya ya bar jerin bai kai ga littafin da ya fi duka ba.

Akwai abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani game da duka littattafan. Na farko, ba na yara ba ne: karuwai da maganar saduwa suna ko'ina, kuma Comanche Moon ya fi yawan batsa saboda matar Scull, wadda aka zana da sha'awar da ba ta da linzami. Na biyu, kada a ɗauke su tarihi. McMurtry yana ɗaukar mutanen gaske ya yi yadda ya so da su. Alƙali Roy Bean, wanda Joey ya rataye a Streets of Laredo, a gaskiya ya mutu ne da rashin lafiya a garinsa Langtry a 1903. Babban harin Buffalo Hump na gaske a 1840 aka yi shi, kuma garuruwan Victoria da Linnville ya faɗa wa. Marubucin bai ma damu ya daidaita littattafansa da juna ba, kuma mai lura zai ga inda shekaru da abubuwan da suka faru suka saɓa tsakanin wannan da wancan.

Shawarata ga wanda littafi ɗaya kawai zai iya saye, kuma kewar Gus ce ke damunsa, ita ce ya ɗauki Comanche Moon, ya shiga da sanin cewa idan ya ga sunan Ahumado a farkon babi yana da damar wucewa. Wanda ba ya iya jure labarin cutar da yara ko fyaɗe, musamman wanda abin ya taɓa shafa a rayuwarsa, ya tsaya a Lonesome Dove. Labarin ya cika a can, kuma Call yana komawa Teksas da gawar abokinsa ƙarshe ne da ba ya bukatar ƙari. Wanda kuwa yake son ya san inda taurin kan Call ya kai shi, kuma yana iya karanta littafin da ba zai rarrashe shi ba, Streets of Laredo ne nasa, amma kada ya yi kuskuren da na yi na buɗe shi washegarin rufe na farko. Ya bar watanni su wuce, ya shiga da sanin cewa Newt ya mutu kuma Gus ba zai dawo ba, ya sa idonsa a kan Maria da Lorena tun daga farko, sannan ya daure har ya kai babin da aka shigo da Call gidan Maria a Ojinaga, Teresa ta matso kusa da shimfiɗarsa ta fara yi masa magana.